Manomin da Aka Aika Sayen Piyano

Akwai wani manomi a wani ƙauye, dattijo ne a ikilisiya, kowa yana kiransa Baban Afiniki, da sunan 'yar autarsa. Allah ya ba mutumin nan ido a kan shanu. In ya shiga kara ranar kasuwa, sauran masu saye sukan tsaya kallon tozo da ƙiba da sheƙin fata, shi kuwa sai ya zarce wuyan sa, ya sa hannu yana laluben wurin da karkiya take zama. In ya ji fata ta yi kanta a ƙarƙashin gashi, ya san wannan sa ya ja garma, kuma zai sake ja. In ya ji wuya sumul, ko da san ya kai girman ɗaki, sai ya juya ya tambayi mai shi, "Gonar wa ya huɗa?" Daga amsar da aka ba shi yake sanin ko zai taya ko zai wuce.

Ba a taɓa jin ya zaɓa wa wani sa ya ƙi aiki ba. Ya san yana da wannan baiwa, ba ya kuwa ɓoyewa. In an yabe shi yakan ce, "Ikon Allah ne," amma duk wanda ya ga yadda yake gyara zaman hularsa a lokacin ya san ya ɗan rage wa kansa wani abu daga cikin yabon.

Majami'ar ƙauyen tana da ganguna da shantu da tulunan da matan zumunta suke bugawa, waƙa kuwa ba a fi su ba a duk yankin. Sai dai Afiniki ta koyo kaɗa piyano a makarantar horon malamai, ta dawo ta yi aure a garin, ita ce kuma take koya wa mawaƙa sababbin waƙoƙi, da baki kawai, ba abin da zai riƙe musu murya. Don haka ikilisiya ta yi shawara a sayi piyano, irin na tsaye wanda ake jinginawa da bango, tun da shi ba ruwansa da wutar lantarki, ƙauyen kuma ba wuta. Sabo ya fi ƙarfinsu, sai dai wanda aka yi amfani da shi. Da kaka ta yi, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa: masu dawa suka kawo dammuna, mata suka kawo gyaɗa, samari suka yi ƙodago suka zuba ladan. Aka sayar da kayan, aka haɗa kuɗin wuri ɗaya.

Sai maganar wanda za a aika birni ta taso. Afiniki ce ta san kan abin, amma a makon nan ta haihu, tana cikin jego, ba ta da halin fita. Aka duba, aka duba, ido ya tsaya a kan mahaifinta. Shi kuwa ko taɓa piyano bai taɓa yi ba, amma girman kai ya hana shi faɗa.

Da ya je yi wa 'yarsa sallama ta ce, "Baba, da ka jira na yi arba'in mu tafi tare."

Ya ce, "Kirsimeti ba zai jira mu ba. Ki kula da jikana, ki bar mini ciniki."

A bakin mota kuma Mama Liyatu, shugabar zumuntar mata, ta tare shi. Ita ce ta bi gida gida tana karɓar gyaɗa, don haka tana da bakin magana. Ta ce, "Baban Afiniki, guminmu ne a aljihunka. Ka kawo mana abin da za mu nuna wa baƙi ba kunya." Ya ce ta kwantar da hankalinta.

A birni aka kwatanta masa shagon wani dillalin tsofaffin kaya, ya tarar da piyano biyu a ciki. Na fari yana tsakiyar shagon, baƙi wulik, yana sheƙi har mutum yana ganin fuskarsa a jikinsa. Da dillali ya ɗaga murfin, ga maɓallai farare tas a jere, ko ɗigon datti babu. Ya danna uku ko huɗu a tsakiya, suka yi ƙara mai daɗi. Na biyun yana can lungu, an ɗora masa tsohuwar fanka da kwandon tsummoki, manomin ko kallo na biyu bai yi masa ba.

Ya tsaya gaban mai sheƙin nan, ya ga kansa a ciki, da hularsa da babbar rigarsa, ransa ya yi fari. Tun a nan ya fara jin guɗar da mata za su yi in motar ta tsaya a ƙofar majami'a. Ya ga Mama Liyatu tana tafa hannu, ya ga 'yan birni da za su dawo gida hutu suna tambaya wa ya zaɓo wannan. Aka shiga ciniki. Ya taya, dillali ya ce albarka, ya ƙara, aka ja, aka ja, har dillali ya sauko daidai abin da yake aljihunsa. Saura kawai a ce an sallama.

Amma abin da mutum ya saba yi shekara da shekaru ba ya barinsa don ya shiga birni. Kafin ya sa hannu a aljihu, bakinsa ya riga shi, ya ce, "Wa ya yi aiki da shi?"

Dillali ya yi murmushi, don a ganinsa an zo wurin da kayansa suka fi ƙarfi. Ya ce, "Aiki kuma, Baba? Ai wannan ba wanda ya taɓa wahalar da shi. A falon wani mai hali yake, a kulle, an shimfiɗa masa mayafi an ɗora furanni. Ko 'ya'yan gidan ba a bari su taɓa. Yadda aka kawo shi daga kanti, haka yake."

Dillali yabo yake yi, amma manomin ba haka ya ɗauka ba. Ya taɓa jin irin wannan amsa a kara, daga bakin masu shanun da aka ɗaure a gida ana ba su dusa, ba su taɓa ganin kunya a gona ba. Ya cire hannu daga aljihu. Ya fara daga ƙarshen hagu yana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, kamar mai shuka. Wani ya amsa, wani ya yi shiru, wani ya nutse ya ƙi tasowa. Sai ya sunkuya ya kai hancinsa kusa da katakon ƙasa. Duk manomin da ya taɓa buɗe rumbun da aka daɗe ba a leƙa ba ya san warin nan.

Ya ce, "Buɗe mini cikinsa."

Dillali ya cire allon ƙasa, sai ga ɓawon gyaɗa da kashin ɓera sun zubo a kan takalminsa. Ɓeraye sun yi gida a ciki, sun hayayyafa. 'Yan gudumomin da suke bugun tsirkiya suna da ulu a kansu, to duk sun gaigaye ulun sun yi shimfiɗa da shi, tsirkiyoyin kuma tsatsa ta kama su. Dillali ya riƙe baki, don shi ma bai sani ba. Ba makaryaci ba ne, sheƙin ne ya ruɗe shi yadda ya ruɗi mai saye.

Manomin ya share zufa, ya nufi lungu, ya sauke fanka da kwando da hannunsa. Tsohon piyanon nan bai da kyan gani ko kaɗan. Fentinsa ya koɗe, gefensa duk ƙarzuwa, a samansa ga tabon ƙuna inda kyandir ya taɓa narkewa. Maɓallansa sun yi ja kamar haƙoran mai cin goro. Amma da ya shafa su sai ya ji na tsakiya sun lotsa, kowanne da ɗan gurbi inda yatsu suka yi ta sauka. Matakin ƙarfe na ƙasa ma ƙafa ta cinye gefensa har ya yi santsi. Ya daɗe yana shafa guraben nan.

Sa'an nan ya yi tambayarsa, dillali ya ce daga wata makarantar 'yan mata aka kawo shi. Safe da yamma ake kaɗa shi wajen addu'a, tun iyayen ɗaliban yanzu suna ɗalibai, kowace shekara kuma mai gyara yana zuwa ya ɗaure masa tsirkiya. Da makarantar ta sami wuta ne suka sayi na lantarki suka fitar da shi. Manomin ya bi maɓallan daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba ɗaya da ya ƙi amsawa. Ya sa aka buɗe cikinsa, ba kome sai ƙura da ƙanshin tsohon katako.

Ya yi zaton zai same shi da araha, amma ina. Dillali ya ce mai gyaran ya riga ya gaya masa darajar abin, ba zai rage ko kwabo ba. Abin da zai yi kawai, zai turo mai gyaran har ƙauye, amma sai bayan piyanon ya huta, gama girgizar hanya takan sassauta tsirkiya, katako kuma sai ya saba da iskar sabon wuri kafin a ɗaure shi. Wannan bai ba manomin mamaki ba, shi ma ba ya ɗaura wa sa karkiya ranar da ya kawo shi gida. Ya zaro kuɗin ikilisiya duka ya miƙa.

A hanya yana zaune a bayan mota, ya dafa piyanon da aka lulluɓe da tamfol, zuciyarsa ba daɗi. Ya tabbata ya zaɓi daidai, amma ya san idon mutanensa. Tun daga nesa ya hango su a ƙofar majami'a, mata sun fara guɗa, yara suna bin mota da gudu. Samari suka kama aka sauke, aka yaye tamfol, guɗar ta mutu a maƙogwaro. Wani ya ɗaga murfi ya danna, ƙarar ta fito a karkace kamar kukan tsohuwar ƙofa.

Mama Liyatu ta zagaya shi, ta dubi ƙunar, ta dubi jajayen maɓallan, ta ce, "Baban Afiniki, wannan ne?"

Ya ce, "Shi ne."

"Canji fa?"

"Babu canji, Mama."

Ya yi musu bayani cewa hanya ce ta girgiza shi, mai gyara yana nan tafe, amma ba wanda ya tsaya saurara. Kun dai san halin mutane. Kafin gari ya waye magana ta zaga ƙauye. Masu sauƙin baki suka ce tsufa ya kama idon dattijo, 'yan birni sun yi masa wayo. Masu kaifin baki suka ce ai tarkacen nan bai kai rabin abin da aka tara ba, a tambaye shi inda sauran ya shiga. Wannan ta biyun ita ta fi yi masa ciwo, mutumin da ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ba wanda ya zo ya ce ya raka shi kara. Matan zumunta kuwa suka kawo wani babban zane suka rufe piyanon ruf, don kada baƙin Kirsimeti su gani su yi musu dariya.

Kowace Lahadi yana zaune a bencin dattawa yana kallon zanen nan, kunya da fushi suna cinsa. Sau da yawa ya so ya miƙe ya ba da labarin ɓerayen, amma ya ga in ya faɗa yanzu za a ce kare kansa yake yi. Wani lokaci ma shakka takan kama shi, ya ce a ransa, to in mai gyaran ya zo ya ce abin ya mutu fa? Da wane ido zai dubi gwauruwar da ta kawo kwanon gyaɗarta na iri? Ba shi da abin yi sai addu'a, ya kuwa yi ta, irin wadda bai saba yi ba a kwanakin da kowa yake yabonsa.

Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti mai gyaran ya iso, wani tsoho da jakar kayan aiki. Ya wuni a majami'a yana ɗaure tsirkiya ɗaya ɗaya, ba waƙa, sai ƙara guda ana ta maimaitawa, masu wucewa suna cewa ga shi an kawo likita ma nishi yake. Da yamma ya rufe murfi ya ce wa manomin, "Ba abin da ya karye. Sassautawa kawai ya yi." Ya hau mota ya koma.

Ranar Kirsimeti majami'a ta cika har waje, 'yan birni sun dawo da sababbin kaya. Ranar ce kuma Afiniki ta fara fitowa sujada bayan jego. Ta zo da jaririnta a goye, ta zauna gaban piyanon, ta ɗage zanen daidai inda hannunta zai shiga. Mahaifinta ya ga ta shafa maɓallan ta ɗan tsaya, ta juyo ta dube shi ta yi murmushi, don yatsunta sun faɗa cikin guraben nan kamar an auna su. Sai ta fara.

Muryar da ta fito daga cikin tsohon katakon nan mai zurfi ce, mai kauri, ta cika ɗakin har kwanon rufi yana amsawa. Masu hira a baya suka yi tsit. Mawaƙa suka shiga, karo na fari ba wanda ya yi sama ya bar 'yan'uwansa a ƙasa, ganguna da tuluna suka bi baya, jama'a duka suka miƙe. Ana tsakiyar waƙa Mama Liyatu ta fito daga layin mata, ta fizge zanen daga kan piyanon, ta ci ɗamara da shi, ta rangaɗa guɗar da ta haɗiye ranar da aka sauke shi. Dattijon yana tsaye a wurinsa, hawaye yana bin gemunsa, bai kuwa share ba. Bai taɓa jin alfahari irin na ranar ba, da 'yarsa, da jama'arsa, da tsohon abin nan da ya ƙi ba shi kunya.

Bayan an tashi Mama Liyatu ta zo ta rusuna ta ce, "Baban Afiniki, mun ci namanka. Ka gafarta mana."

Ya ce, "Tashi, Mama. Ni ma saura ƙiris in kawo muku gidan ɓera, don ina so ki yi mini guɗa." Sai a sa'an nan ya ba su labarin mai sheƙin, aka yi ta dariya. Daga nan ya tsaya kusa da piyanon yana kiran baƙi ɗaya ɗaya. Ba ya nuna musu inda fenti ya rage, sai ya kama yatsan mutum ya ɗora a kan maɓallin da ya fi lotsawa, ya ce, "Taɓa nan ka ji. Hannuwa nawa kake tsammani suka yabi Allah a wurin nan?"

Ma'anar wannan misali ita ce, piyano biyun nan mutane ne iri biyu, dukansu kuwa suna zaune a majami'a kowace Lahadi. Mai sheƙin shi ne wanda Allah ya ba baiwa, ya kulle ta ya shimfiɗa mata mayafi. Yana da murya amma ba ya waƙa, kada ya yi kuskure a ji. Yana da ƙarfi amma ba ya zuwa aikin gayya, kada rigarsa ta ɓaci. Ba ya ziyarar marar lafiya, ba ya sulhunta masu faɗa, don haka ba wanda ya taɓa zaginsa, sunansa tas. Yana tsammani ajiye kansa yake yi. Amma zuciyar da ba a aiki da ita ba ta zama wofi, 'yan'uwa. Ƙyashi da gunaguni da raina mutane sukan shiga a hankali su yi gida, ranar da Ubangiji ya danna yana neman murya, sai shiru.

Tsohon piyanon kuwa shi ne wanda hidima ta cinye. Ita ce uwar da ta goyi 'ya'yanta ta goyi na maƙwabta har bayanta ya ranƙwafa. Shi ne malamin da ya koyar da ku haruffa muryarsa ta dushe, da mai sharar majami'a da ba wanda ya san sa'ad da yake zuwa. Mu da idonmu na mutane mukan so mu rufe irin waɗannan da zane in baƙi sun zo, mu tura masu sheƙi gaba. Wannan abin kunya ne a gare mu, ya kamata mu daina.

Akwai kuma wanda hanya ta girgiza. Rashin lafiya ko mutuwa ko asara ta bi ta kansa, yanzu in ya buɗe baki maganarsa a karkace take fita, addu'arsa ma ba ta da daɗin ji. Kada ku yi saurin cewa ya lalace. Ku ba shi wuri ya huta, ku bar Mai gyara ya yi aikinsa, gama sau da yawa ba abin da ya karye.

Abu na ƙarshe, ku tuna manomin bai sami ragi ba, duk abin da yake hannunsa ya bayar, ya kuma sha zargi a kan abin da ya saya. Haka Almasihu ya yi dominmu. Ya ga ƙarzuwarmu da ƙunarmu sarai, ya biya da ransa, ba ya kuwa jin kunyar a ce mu nasa ne. Saboda haka in kin zo yau kina ɓoye hannuwanki a cikin mayafi don wanki da daka da aikin Ubangiji sun sa sun yi kaushi, in ka zo kana zama a baya don ƙarfinka ya ƙare a hidimar mutane, ba abin ɓoyewa a nan. Sa'ad da za mu tashi mu yi waƙar rufewa, ku fito da hannuwan nan ku ɗaga su sama yadda suke, Mai su yana alfahari da su.